Makulli Na Biyu

Mai sayar da kwaɗuna na bakin kasuwa shi ya fara ba mutane dariya a zaman makokin Bappa. Ya zo da hantsi ranar sadakar uku, ya yi gaisuwa, aka shafa fatiha, sannan ya ce shi kam ya yi rashin abokin faɗa. Shekara goma sha biyar, in ji shi, marigayin bai taɓa sayen kwaɗo a hannunsa ya tafi salin-alin ba. Sai ya zare makulli ɗaya ya jefa a aljihu, sauran ya ciro filaya ya kakkarya su a gabansa, ya bar masa gutsattsarin a kan tebur. Maza suka yi ta dariya a ƙofar gida, mu mata muna jiyo su ta soro.

A ciki ma labarin ke nan. Kowace mace a unguwarmu ta Kagarawal tana da abin da Bappa ya taɓa hana ta. Wannan ya hana ta shanya a kan waya, waccan ya ƙwace mata dutsen guga na sati guda don ya same ta tana guga ba takalmi, ƙafarta a kan jiƙaƙƙen siminti. Suna faɗa suna share hawaye suna murmushi. Goggo, babbar yayar Bappa da mahaifina, ba ta yi murmushin ba. Ta ce su bar shi ya tafi da halinsa, su ba su san shi ba lokacin da yake mutum kamar kowa, mai raha, mai son waƙa. Ta ce ramin kuza ya ci mata ƙanne biyu, ɗaya ya haɗiye shi, ɗayan ya tauna ya tofo mata shi gida.

Mutum ɗaya ne a waje bai sa baki ba, wani tsoho Kirista mutumin Kaltungo, wanda suka yi aikin rami tare, yanzu yake gadi a reluwe. Kwana uku yana zuwa, ya zauna a ƙarshen benci da hularsa a kan gwiwa. A kai masa abinci ya ce ya gode, a dawo da kwanon yadda aka kai shi.

Dab da azahar aka ɗauke wuta. Fankar ɗakin da muke zaune ta yi ta rage gudu har ta tsaya, kuma wallahi babu wadda ta ƙarasa maganar da ke bakinta. Duk muka juya muna kallon ƙofa. Mun saba in fanka ta tsaya a gidan nan, kafin ta gama juyin ƙarshe muryarsa ta iso: "Ku fito. Kowa ya fito in gan shi." Ranar babu wanda ya kira mu. Sai Goggo ta miƙe da kanta ta ce mu koma tsakar gida, zafi ya yi yawa, muka bi ta ba musu.

Ni ce 'yar ƙaninsa. Shi ya riƙe ni tun ina shekara biyar, bayan mahaifina ya rasu a ramin da suke aiki tare a ƙasar Jos, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Yau ya cika kwana arba'in, ina rubuta wannan don kada a riƙa tuna shi a matsayin tsohon nan mai karya makulli kawai. Ina kuma rubutawa don akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Kwana tara kafin ya cika, Bappa ya roƙe ni in yafe masa, ni kuwa na tashi na fita ban ce masa na yafe ba.

Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, wai saboda shekarun da ya yi yana tafiya a duƙe a ƙarƙashin ƙasa. Tari bai taɓa barinsa ba. Sunan uwarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Dada yake ce mini ko da faɗa zai yi mini, kuma faɗa kam na sha shi. Mai gyaran wutar lantarki ne, in zai taɓa waya da hannu ɗaya yake aiki, ɗayan yana aljihu, har waɗanda ba su san sana'ar ba suna ce masa mai girman kai. Shi kuwa cewa ya yi in wuta ta shiga ta hannu ɗaya za ta fita ta ɗayan, kuma ta kan zuciya hanyar ta bi. Ko wayar da ya yanke da kansa ya ajiye a ƙasa, sai ya gwada ta kafin ya ɗauka. Maganarsa kullum ita ce waya ba ta mutuwa, barci take yi, kuma ba ta sallama in za ta farka.

Labarin rami gutsi-gutsi yake ba mu, in yana gyaran wani abu a ƙarƙashin mangwaron tsakar gida. Tasu kuzar ba irin wadda ake wankewa a fili ba ce. Tana ƙarƙashin baƙin dutse, sai mutum ya shiga kwandon ƙarfe an zura shi ƙasa kamar guga. A can, in ji shi, abu uku ke riƙe da ran mutum: famfunan da ke janye ruwa, babbar fankar da ke tura iska, da injin da ke jan kwandon. Dukansu kuwa wutar lantarki ke juya su. Muddin kana jin gunjinsu a kunnenka, lafiya lau. Ranar da ka ji shiru, to ruwa ya fara hawa, iska ta fara nauyi, hanyar fita kuma ta rufe. Ya ce shi bai taɓa jin tsoron duhu a rami ba, don kowa da fitilarsa a goshi. Shirun ne abin tsoro.

Shi ya sa har a nan Gombe, a gidan da ba abin da zai same ka in fanka ta tsaya sai gumi, yake fito da mu tsakar gida ya ƙirga mu da yatsa. Ina budurwa abin yana ba ni haushi ƙwarai, balle in da baƙi. Na taɓa ce masa mu fa ba 'yan kuza ba ne, kuma ɗakin Goggo ba rami ba ne. Ya ƙirga ni duk da haka, ya wuce kan ta kusa da ni.

Game da mahaifina kuwa, abin da aka gaya mini bai wuce wuta ce ta ja shi ba. In na matsa a ce ƙaddara. Mahaifiyata ta yi wani auren a Kumo, ta bar ni a dangin uba kamar yadda aka saba, kuma in na je hutu na tambaye ta sai ta tuna randa ba ruwa. Bappa da an ambaci ƙaninsa tarin zai taso masa, ya yi ta yi har a canza magana. Na girma ina ganin dai manya ba sa son tuna mutuwa.

Bai rage ni da komai ba, wannan zan faɗa ko'ina. Ba ya kai loma bakinsa sai ya tambaya ko na ci. Da dangi suka ce karatun ya isa haka, shi ya tsaya kai da fata sai na je kwalejin horon malamai. Ranar da ya kai ni, maimakon ya ajiye ni ya juya kamar sauran iyaye, sai ya nemi a nuna masa ɗakin kwananmu, ya bi bangon yana shafa wayoyi, ya samu wani wurin da aka naɗe da tsumma, ya ƙi tafiya sai da aka ba shi tsani. Shekara guda 'yan ajinmu suna kirana 'yar mai tsani. Ban gode masa ba a lokacin, kunya ce ta ishe ni.

Da aka gama yaƙin basasa kuɗin mai suka fara shigowa, Gombe ta rikice da gini. Wanda jiya yake awo a kasuwar hatsi yau ya dasa bene, kowa yana son fanka a kowane ɗaki da firiji a falo inda baƙo zai gani. Masu gyaran wuta suka yi tsada, har wanda bai san komai ba sai riƙe filaya ya zama injiniya. Bappa ya fi su duka sanin aiki, ya kuma fi su duka rasa aiki, saboda kwaɗonsa. Ƙa'idar rami ce ya taho da ita. Duk wanda zai taɓa waya, shi zai kashe wuta a babban akwati da hannunsa, ya sa kwaɗo a mariƙin, ya jefa makullin a aljihunsa. Babu mai buɗewa sai shi, ko wa ya zo.

A gidan wani Alhaji ɗan kwangila a unguwar Arawa abin ya fi yin tsami. Mutumin da ke aiki a ƙarƙashin Bappa, wanda daga baya ya zama maigidana, yana cikin silin yana haɗa waya, makulli yana aljihunsa. Da rana tsaka sai ga baƙi daga Bauchi a mota. Alhaji ya ce a kunna na minti biyar kawai, fanka ta juya, ai ɗakin da ake aiki daban yake. Bappa ya ce a jira mai makulli ya sauko. Alhaji ya ce gidansa ne, ya sa direba ya ɗauko guduma. Bappa ya juya ya jingina bayansa da akwatin.

"Alhaji, gida naka ne, wuta ma taka ce," in ji shi. "Amma wanda ke cikin silin ɗan wani ne. In za a fasa kwaɗon nan, a fara da ƙirjina."

Maigidana ya ce yana jin su daga sama, ya sauko da sauri ya tarar Bappa yana nan jingine da akwatin. Ranar aka kore su da kayan aikinsu a hannu, labari ya zaga gari wai tsohon ya ci mutuncin Alhaji a gaban baƙi, alhali ko murya bai ɗaga ba. A hanya maigidana ya ce masa ai layin da yake kai ba shi ne na falo ba, ko an kunna ba abin da zai faru. Bappa ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce kusan ya tabbata. Bappa ya ce ya taɓa sanin wani mutum da kusan ya tabbata.

Alherinsa ma irin halinsa ne, ba ya zuwa da fara'a. Duk ranar Lahadi yakan zaga gidajen da ba maza a unguwa, na waɗanda mazansu suka rasu da na waɗanda ke tafiye-tafiye, ya yi sallama, ya duba wayoyi, ya fita ko ruwa bai sha ba. Wata maƙwabciyarmu 'yar Billiri ta ɗaura wayar shanya daga kwanon ɗakinta zuwa bishiya. Da damina ta faɗi Bappa ya shiga ya ga wayar wuta ta goge a bakin kwanon, ga matar ta taho da bokitin wanki. Tsawa ya daka mata ta tsaya inda take. Ya ciro fitilar gwajinsa ya taɓa wayar shanyar, fitila ta kama tar. Matar ta zauna daɓas a ƙasa. Ya gyara, washegari ya kawo mata igiyar rama da takalman roba, nata da na 'ya'yanta huɗu, ya ƙara mata da faɗa. A zaman makoki ita ta fi mu kuka.

Faɗanmu mafi girma ni da shi a kan akwatin aurena ne. Goggo ta sayo mini sabon kwaɗo ɗan rawaya mai makulli biyu. Mata sun cika ɗaki ana haɗa kaya, na ce ɗaya nawa, ɗaya zan ba ango don kada ya ce ina ɓoye masa wani abu. Ashe Bappa yana bakin ƙofa ya kawo saƙo. Ya shigo cikin mata, abin da bai taɓa yi ba, ya fizge makullin daga hannuna ya karya. Ni kuwa bakina gadon Goggo ne. Na ce masa a gaban mutane ya ishe mu da wannan hali, ba kowa ne maci amana ba da za a riƙa ɓoye masa makulli, in shi bai yarda da kowa ba ya bar mu mu yarda da juna. 

"Ba don maci amana nake karyawa ba, Dada," in ji shi. "Don wanda yake son ki ne."

Ya fita. Na ɗauka maganar tsufa ce, na yi tsaki na ci gaba da ninke zannuwa. Gidan aurena bai fita Kagarawal ba, daga ƙofata zuwa tasa tafiyar minti goma ce in ban tsaya gaisuwa ba, amma sai da na yi wata guda ban taka ba.

Bana tarin ya kayar da shi. Wata Talata ya aiko a kira ni bayan an tashi makarantar da nake koyarwa. Na same shi a kishingiɗe kan tabarma ƙarƙashin mangwaro, don ya ƙi zaman ɗaki sam. Ya sallami kowa. Ya ciro wata igiyar fata daga wuyansa, wadda duk rayuwata na ɗauka laya ce, ya warware ɗan ƙullin da ke jikinta. Makulli ne ƙarami, ya yi baƙi.

Ya ce a ramin Turawa suna ba kowane mai gyaran wuta kwaɗo ɗaya da makulli ɗaya. Na mahaifina ya faɗa ruwa, ya ji tsoron faɗan Bature, ya je kasuwa ya sayo wani. Na kasuwa kuwa da makulli biyu yake zuwa. Su biyun ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, kuma a gidanmu ƙane ba ya kulle abu ya hana wansa makulli. Abin kunya ne, kamar ka kira shi ɓarawo. Sai mahaifina ya miƙa masa ɗayan ya ce, Hamma, wato yaya, riƙe wannan. Bappa ya san ƙa'ida, shi ne ma ya koya masa ita. Ya karɓa.

"Daɗi na ji, Dada," in ji shi. "Na ce yaron nan ya san girman na gaba. Har nuna wa mutane na yi."

Ranar da abin ya faru mahaifina yana aikin safe, Bappa yana na rana. Ya sauka ya tarar da shiru. Famfunan ɓangaren ƙasa a tsaye, akwatin wutarsu a kulle da kwaɗon ƙaninsa. An riga an buga ƙararrawa, masu aikin safe sun hau. Damina ce, ruwa yana tsiyayowa ta ko'ina, kuma can ƙasa akwai mutum bakwai suna bugo tarho suna cewa ruwa ya kawo musu cinya, hanyar da za su bi su fito ta riga ta cika. Ya tambayi wani lebura ko ya ga ƙaninsa, ya ce kamar ya gan shi a kwandon da ya hau. Mahaifina kuwa mai mantuwa ne, ya taɓa barin kwaɗonsa a jikin akwati ya tafi cin abinci. Ƙa'ida ta ce ka bi wayar da ƙafarka har inda ake gyara, ka gani da idonka. Tafiyar minti goma ce. Bappa ya ce amfanin kwaɗon ke nan, ya tilasta maka wannan tafiyar, don da ba shi da makulli dole ya yi ta. Amma makulli yana aljihunsa, mutane suna ihu a tarho, kuma kusan ya tabbata.

"Na buɗe, na ɗaga mariƙin. Famfuna suka ɗauka, na ce alhamdulillahi. Sai daga baya na bi wayar, wai in ga abin da ya gyara."

Ashe haɗin wayar famfunan ne ya jiƙe, gyaran ya ja lokaci, mahaifina bai ji ƙararrawa ba. Ya gama haɗawa, naɗewa kawai ta rage masa. Bappa ya same shi a durƙushe cikin ruwa, hannu biyu a kan waya, nasa makullin yana aljihunsa inda ƙa'ida ta ce ya sa shi.

Turawa suka rubuta abin da suka rubuta. Mahaifiyata ya gaya mata gaskiya tun kafin ta fita takaba, ta ce ta yafe, amma ta sa shi ya yi alkawari ba zai gaya mini ba sai na mallaki hankalina. Ya je wa malamai, suka ce kuskure ne, ya yi azumin kaffara, ya kuma yi. Ya ce wancan tsakaninsa da Allah ne, na uwar kuma ta bayar. Nawa ne ya rage, kuma shekara da shekaru yana ɗagawa don tsoron irin kallon da nake yi masa a lokacin.

"Ni na raba ki da uba. Ban ce ki manta ba. In za ki iya, ki yafe mini, Dada. Rami ɗaya ya rage mini in shiga, kuma shi ba a hawowa."

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba tausayi na ji ba. Fushi na ji, har kunnuwana suna zafi. Shekara goma sha bakwai ina cin tuwonsa ina gode masa ya riƙe marainiya, ashe shi ya mai da ni marainiyar. Na tuna duk ranar da Goggo ta ce in gode wa Allah da Ya ba ni irin wannan Bappa. Na nemi fuskar mahaifina a raina ban samu ba, sai warin man inji da kafaɗar da yake ɗora ni a kai, kuma rashin samun fuskar ya ƙara mini wuta. Na gyara goyona, na ce na bar tukunya a kan murhu. Ya ce to. Bai kuma sake aikowa ba.

Maigidana ya ga ba daidai nake ba, na gaya masa. Ya ce in koma. Na ce masa shi da aka tsaya wa a gaban guduma dole ya ce haka, ni ubana ba wanda ya tsaya masa. Ya bar ni.

Ranar Asabar na ɗauki ƙafa na tafi reluwe wurin tsohon nan mutumin Kaltungo, ina so in ji ko akwai abin da aka rage mini. Ya ba ni kujera, ya saurare ni, ya ce ya daɗe yana jiran wannan rana. Shi ɗaya ne daga cikin bakwai ɗin. Ya ce ruwan ya wuce cinya, ya kai ƙirji, har sun ɗora gajeren cikinsu a kafaɗa. Da suka ji famfo ya ɗauka sai suka fashe da kuka, Musulmi da Kirista kowa yana kiran Allah da yaren uwarsa. Ba su san abin da ya faru a sama da su ba sai da suka fito suka ga Bappa ya goyo gawar ƙaninsa zuwa kwandon, ya hana kowa taɓawa. Na tambaye shi kai tsaye, da Bappa ya yi tafiyar nan ta minti goma, da sun mutu?

"'Yata, ban sani ba," in ji shi. "Shekara goma sha bakwai ina auna ruwan nan a kaina. Wata rana in ga da mun kai, wata rana in ga da ba mu kai ba. Shi ma bai sani ba. 'Ya'ya shida na haifa bayan ranar, kuma ban taɓa iya ce masa na gode ba."

Da zan tafi ya rako ni har bakin titi, ya ce kada in yi wasa da tarin nan, ya san shi, ya ga yadda yake ƙarewa da mutanen rami.

Na dawo gida zuciyata ta sauka. Na san zan yafe, na ma riga na yafe a raina. Amma na ce sai Juma'a, ranar da ake tashi makaranta da wuri, in dama masa kunun gyaɗa yadda yake so, in zauna in faɗa masa da natsuwa. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Na gaskiyar shi ne ina so ya ɗan ƙara jira, ya ɗanɗana. Na ce wanda ya yi shekara goma sha bakwai bai faɗa ba zai iya jiran kwana shida. Safe da rana ina wuce bakin layinsu in ɗauke kai. Na haɗu da Goggo a hanya na tambaye ta mai jiki, ta ce kamar da sauƙi. Na karɓi wannan kamar ɗin da hannu biyu, don ya yi mini daidai.

Ranar Alhamis da hantsi ina cikin aji, alli a hannuna, aka zo aka ce in zo gida.

Goggo ta ce a tsakar gida ya cika, fuskarsa tana kallon soro. Tun Larabar da ta biyo bayan zuwana duk wanda ya yi sallama sai ya ɗaga kai ya duba, sannan ya mayar. Ta ce ta yi niyyar aikowa a kira ni, ya hana. Ya ce a bar Dada, wanda ya kulle shi ke buɗewa. Ita ta ɗauka zafin ciwo ne ya koma da shi rami, har yau ban gaya mata ba haka ba ne.

Masu wanka suka aiko mini da igiyar fatar, wai ya bar wasiyya a ba ni. Da aka ɗaga makara aka ce a yafe masa, mata suka amsa gaba ɗaya sun yafe. Ni ma na faɗa, amma muryata ta ɓace a cikin tasu, ta zama irin wadda ake ce wa kowace gawa. Ba ita ya roƙa ba.

Maigidana ya ce in ba shi makullin ya karya, kamar yadda mai shi zai yi. Na hana, yana wuyana. Yanzu in fanka ta tsaya ni ke fara miƙewa, in fito da yarana tsakar gida in ƙirga su, alhali su biyu ne kacal.

Ya Allah, bawanka ne da ya yi rabin rayuwarsa yana tsoron shiru a ƙarƙashin ƙasa. Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka haskaka masa, Ka haɗa shi da ƙaninsa a inda ba za su ji kunyar juna ba. Wanda ya karanta wannan ya sa su biyun a addu'a, in ya samu sarari ya sa har da ni.

Jiya da la'asar na ɗaura agogo na bi hanyar, daga ƙofata zuwa tasa, ban tsaya gaisuwa da kowa ba. Ba ta ma kai minti goma ba, tara ce. Na tsaya a soro na yi sallama, na duba ƙarƙashin mangwaro, an naɗe tabarmar an jingina ta da bango. Na ce na yafe maka, Bappa, ga ni na zo da ƙafata. Goggo ta leƙo daga ɗaki ta tambaye ni da wa nake magana.